Fitilar Ɗan Kwalba

Hassada zan yi magana a kanta, kuma ba irin ta maƙwabci ba da ake yi daga bayan katanga. Ta cikin gida nake nufi, wadda wa yake yi wa ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. A gaban idona ta cinye Lai Gencai, kuma tunda ni ne mafi tsufa da ya rage a garinmu, babu wanda zai hana ni faɗa.

Duk gidajen garinmu 'yan Lai ne, zaurenmu na kakanni ɗaya. A watan farko na shekara, duk wanda aka yi masa haihuwa yakan kawo fitilar takarda, a rubuta sunan jariri a jikinta, a kunna ta, a rataye a azarar tsakiya. Daga ranar yaro ya shiga dangi. Wanda ba a rataya masa ba baƙo ne, ko da a bakin ƙofar zauren aka yanke masa cibiya. Sau ɗaya ake yi wa mutum, kuma a zaure ɗaya. Da can maza kaɗai ake yi wa, yanzu da haihuwa ta yi wuya har mata.

Gencai ke riƙe da mabuɗin zauren. Shi ke share shi, shi ke hawa tsani ya rataya fitila, kuma gaskiya ba a taɓa samun ƙura a kan allunan da aka rubuta sunayen kakanni ba a zamaninsa. Mutum ne dogo, mai aiki, wanda ba ya dariya sai an faɗi ƙasa. Ƙanensa Maotang kuwa gajere ne, ga tumbi, ga son surutu, gonar lemonsa kullum ciyawa ta fi bishiya yawa. Amma lemon nasa ya fi na yayansa zaƙi, kuma wannan kaɗai ya isa ya hana Gencai cin abinci.

Akwai wani ciwo a jininmu. Mun daɗe da shi tun ba mu san sunansa ba. Za a haifi yaro lafiya lau, kafin ya yi shekara ya fara ɗashewa, jikinsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura, ya ƙi girma. Sai an riƙa ƙara masa jinin wani. Likitoci sun ce ba ya fitowa sai uba na ɗauke da shi uwa ma na ɗauke da shi, kuma masu ɗauke da shi ɗin lafiyarsu ƙalau, ba su ma sani ba.

Gencai da Maotang dukansu suna ɗauke da shi. Bambancin a mata yake. Matar da Maotang ya aura, Gencai aka fara kawo wa ita. Ya je ganinta, ya dawo ya ce ba ya so, wai dariyarta ta cika ƙara kamar ta agwagwa. Aka ba ƙanensa. Shi kuma ya zaɓi Atao, mai kunya, mai sanyin murya. Ashe ita mai dariyar agwagwa jininta wankakke ne, Atao ce ke ɗauke da irin nasa.

Ɗansu na fari, Adong, da ciwon ya zo. Na sha ganin Gencai ya ɗaure shi a bayansa da zane ya hau keke ya nufi asibitin gunduma, ko ana ruwa ko ana rana. Ya sayar da sansa na noma, ya sayar da itacen da ya tara don gina ɗaki. Yaron bai kai ga gama firamare ba. Da ya rasu, Gencai da kansa ya haƙa kabarin a gefen dutse, bai bar kowa ya taɓa fatanya ba, har Maotang da ya zo yana kuka ya kora. Ba na raina wannan baƙin cikin. Amma baƙin ciki daban, abin da ya mai da shi daban.

Ɗansu na biyu, Jinrong, ya tsira. Ya girma ya tafi birni aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya auri wata yarinya Sulan daga ƙetaren kogi. Shekaru suka yi ta wucewa ba labarin haihuwa. Gencai ya kafa sabuwar ƙugiya a tsakiyar azara, daidai saitin allon kakanmu na farko, ya ce ta jikansa ce, kada kowa ya rataya komai a kanta. Kowace shekara sai ya shafa mata mai don kada ta yi tsatsa.

Sai ga ɗan Maotang, Dalin, ya yi aure. Aka gwada su aka ga shi yana ɗauke da na ubansa, amaryar ma tana ɗauke da shi. Ba su tsaya jiran sa'a ba. Suka tafi babban asibiti a birnin lardi, inda ake ɗebo ƙwan mace a haɗa da na mijinta a ɗan faranti, a bar su su fara zama tayi, sannan a ɗan tsago abin da bai kai kan allura ba a jikin kowanne a duba. Wanda ya kwaso ciwon a ajiye shi gefe a ƙanƙara, wanda ya tsira a mayar da shi cikin uwar. Yarinyar ta sha allura har cikinta ya yi baƙi. Karon farko bai zauna ba. Na biyu ya zauna, aka haifi namiji da damina, ƙato, ja wur, mai kukan da ake ji har kasuwa.

Da ya cika wata, Maotang ya zaga gari da kwandon jajayen ƙwai, kamar yadda ake yi in an yi haihuwa. Ina zaune a ƙofar shagon shayi ya tsaya gaban yayansa.

"Yaya, ga na jikanka. Ka ɗauki da yawa, kaza ba ta yi mana rowa ba."

Gencai ya kalli kwandon. "Su ma an haska su an zaɓa, ko kuwa haka suka zo?"

Mutane suka yi dariya, Maotang ma ya yi, don shi komai dariya ne a wurinsa. "Haba Yaya. Ka zo ka ga yaron, hancinka ya kwaso gaba ɗaya. Na ce wa likita ya cire, ya ce wannan ya fi ƙarfin na'ura."

Gencai ya karɓi ƙwai huɗu. Da yamma jikata ta gan su a kwamin aladunsa.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Shi ya laƙa wa jaririn ɗan kwalba, wai a kwalbar likita aka haɗa shi. In ya ga Dalin sai ya ce, "Ina mai sayen yara? A kilo ake aunawa ko a ɗaiɗai?" In matar Maotang ta wuce da yaron a goye tana wannan dariyar tata, sai ya juya baya ya yi kamar yana gyara takalmi. Sau ɗaya na gan shi ya saci kallon yaron, lokacin da aka kwance shi ana masa wanka a rana. Ya tsaya bayan shingen gora yana kallon cinyoyin nan masu ninki da tafin ƙafa ja, har tabar da ke hannunsa ta ƙone masa yatsa.

Lokacin tsinkar lemo na same shi a gonarsa yana kan bishiya.

"Sauko, Gencai."

"Ina jin ka daga nan, Baffa."

"Na ce ka sauko. Ba na magana da gindin mutum."

Ya sauko. Na ce masa na ji yana bin dattawa gida gida da tulun giyar shinkafa, yana cewa kada a rataya wa jikan Maotang fitila. Bai musa ba.

"Kakanni ke aiko da yaro, Baffa. Wanda suka aiko shi ake karɓa, mai lafiya ko marar lafiya. Wannan likita ne ya aiko shi. Sauran 'yan'uwansa da aka bari a ƙanƙara fa? Su ba 'yan Lai ba ne? Wa zai kunna musu fitila? Kuma wa ya tsaya a kan likitan ya ga bai haɗa da na wani ba?"

"Tambayar waɗanda aka bari tambaya ce, ni ma na yi ta a raina. Amma ba ita ke damunka ba."

"To me ke damuna?"

"Yaron ja ne, lafiyayye."

Ya yi ta murza ganyen lemo a hannunsa har ya yi ruwa. Can ya ce, "Ni na karɓi abin da aka ba ni. Na goya shi, na binne shi. Shi kuwa Maotang tun muna yara komai a gefensa yake faɗowa. Inna ta fi ba shi nama. Matar da na ƙi, ita ce mai kyan jini. Yanzu da abin ya biyo jikansa, na ce to, bari ya ɗanɗana ya ji abin da na ji, sai ga shi an buɗe masa faranti an ce ya zaɓa. Ya zaɓa, Baffa! Kamar mai sayen kankana. Ni wa ya ce in zaɓa?"

"Ka ji abin da bakinka ya faɗa kuwa? Kana so jariri ya yi ciwo don a yi muku daidai."

"Ban ce ba."

"Ka ce."

Ya koma kan bishiyarsa.

A taron tsakiyar hunturu ya kawo maganar gaban dattawa. Ni da wani muka ƙi. Sauran suka bi shi: ɗaya don tsoron kakanni na gaskiya, ɗaya don giyar da ya sha, ɗaya don nasa ɗan ya ƙi aure kuma ba ya son ganin fitilar kowa, na ƙarshe kuwa kurma ne, ya ga an ɗaga hannu ya ɗaga. Aka yanke cewa yaron da aka zaɓa a faranti ba shi da fitila a zaurenmu.

Gencai bai ƙoshi ba. Ya ce gobe wani zai je birni a ɓoye ya dawo ya ce nasa da kansa ya zo. Don haka daga bana, duk uban da ya kawo fitila sai ya durƙusa gaban alluna da sandar turare a hannu, mafi tsufa ya tambaye shi ko an zaɓi yaron, ya amsa kakanni na ji. Aka kunna turare a kan wannan ma. Mafi tsufa kuwa ni ne, ko ina so ko ba na so.

Maotang yana wurin. Karon farko a rayuwata na ga fuskarsa ba dariya. Ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, ya kalli yayansa, ya rufe. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, ka yi a hankali." Gencai ya ɗauka roƙo ne, har ya ɗan yi murmushi.

Ana gab da sabuwar shekara Jinrong ya zo gida shi kaɗai. Ya biyo ta gidana da kwalin biskit, ya ce in raka shi wurin ubansa, yana da magana kuma ba ya son ya faɗe ta su biyu. Muka tarar da Atao tana cusa nama a cikin awara a tsakar gida, Gencai yana fere gorar yin fitila.

"Baba, Sulan na da ciki."

Wuƙar ta faɗi daga hannun Gencai. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya ce wa Atao ta yanka kaza, ta ɗauko tsohuwar giya, ya ce mini, "Baffa, ka ji? Ka ji? Ƙugiyata!" Atao ba ta motsa ba, kanta na ƙasa. A nan na gane ta riga ta sani.

"Baba, ka zauna in gama. Sulan ma tana ɗauke da ciwon, kamar ni. Mun yi ciki biyu a baya, aka duba aka ga irin na Yaya Adong ne, aka cire su, ba mu faɗa maka ba. Wannan a faranti aka zaɓe shi. Dalin ne ya kai mu wurin likitan, matarsa ce ta koya wa Sulan yadda ake yi wa kai allura."

"Dalin."

"E, Dalin. Kuma jinin da aka ɗiba muku kai da Inna bara da kuka zo birni, da shi aka bi sawun ciwon aka gane wane tayi ya kwaso wane bai kwaso ba. Na ce maka gwajin ciwon gado ne, ka ce in daina cika ka da surutu ka miƙa hannu."

Gencai ya kalli gwiwar hannunsa kamar yau ya fara ganinta.

Na ce, "To ga hanya ta buɗe maka. Ba a rataya fitilun bana ba tukuna. Ka kira dattawa ka ce ka sake tunani. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance, kafin shayi ya huce an gama. A rataya wa jikan Maotang bana, a rataya wa naka baɗi."

"In je in ce wa Maotang na yi kuskure?"

"Ba sai ka ce masa komai ba. Tsani kawai za ka hau."

"Nasa ya riga nawa hawa azara? Kuma gari ya ji cewa ɗana ya je ƙofarsu neman taimako?" Ya juya kan Jinrong. "Duk birnin nan ba ka sami wanda za ka tambaya ba sai ɗan Maotang? Kai wane irin sakarai ne?"

"Baba, shi ne ya san hanya."

"Rufe min baki. Su wa suka sani?"

"Mu, da Inna, da gidan Baffa Maotang. Yanzu da Kaka."

"Maotang ba zai faɗa ba, ba shi da wannan zuciyar. Baffa ma ba zai faɗa ba. Kuna birni, wa ya gan ku? Baɗi ka zo da fitila, a tambaye ka, ka ce a'a. Kalma ɗaya ce."

Atao ta ɗago, da wannan muryar tata da ba ta kai ƙofa. "Uban Adong, ka ji tsoro. Yaron Maotang me ya yi maka?"

"Ke kuma da bakinki? Da jininki mai kyau ne da duk ba mu zo nan ba."

Ta ajiye awarar da ke hannunta a hankali, ta shiga ɗaki. Shekara arba'in suna tare bai taɓa faɗa mata wannan ba, ko ranar da aka binne yaron.

Na ɗauki sandata. Na ce masa, "Ba zan kai maganarka ko'ina ba. Amma baɗi zan tambayi ɗanka kamar yadda zan tambayi kowa, da kalmomin da kai ka tsara."

Ranar fitilun shekarar aka rataya uku. Na yi tambayar sau uku, iyayen suka amsa suna kallon ƙasa don kunya, har wani ya ce, "Kaka, ni ko kuɗin motar birni ba ni da shi, a ina zan zaɓa?" Maotang bai zo zaure ba. Ya rataye fitilar jikansa a bishiyar lemon da ke ƙofar gidansa, ya dafa alade guda, ya saki wasan wuta har hayaƙi ya rufe unguwa. Da aka tashi daga zaure rabin gari can suka wuce, har da kurman da ya ɗaga hannu. Gencai ya tsaya yana kulle ƙofa, dariyar matar da ya ƙi tana zuwa masa daga ƙasan tudu.

An haifi ɗan Jinrong da zafi, namiji, lafiyayye. Atao ta tafi birni wankan jego. Gencai ya zaga gari da jajayen ƙwai, kwando biyu, yana gaya wa kowa cewa nasa kakanni ne suka aiko, ba a taɓa shi da ƙarfe ba. Har ƙofar Maotang ya je. Maotang ya karɓa, ya ɓare ɗaya ya cinye a tsaye, ya ce, "Ya yi daɗi, Yaya. Ya rayu." Bai ƙara ko kalma ba, kuma na lura wannan shirun ya fi ƙona Gencai fiye da zagi.

Duk kakar nan yana aikin fitila. Mai hawa biyu ya yi, da jar takarda da gezar zinariya, ba a taɓa ganin irinta a garinmu ba. Ya kai wa malamin makaranta ya rubuta sunan yaron. Yakan kira Jinrong a waya ya ce, "Ka tuna, kalma ɗaya." Jinrong yakan ce, "Baba, ka janye dokar nan." Shi kuma sai ya kashe wayar. A ganinsa yaro ba zai kunyata ubansa gaban jama'a ba, duk abin da zai faɗa a waya.

Ranar ta zo. Zaure ya cika, ana kaɗa ganga da kuge. Sulan na tsaye daga baya da jariri a ƙirji, Atao na gefenta. Maotang ma ya zo, ya tsaya can bakin ƙofa. Gencai ya sa sabuwar riga, ya jingina tsani saitin ƙugiyarsa, ya haye tun kafin a kira suna, ya miƙo hannu ƙasa yana jira.

Jinrong ya durƙusa. Na ba shi sandar turare. Na yi tambayar kamar yadda aka tsara ta.

"Lai Jinrong, kakanninka na ji. Yaron nan da ka kawo, an zaɓe shi a faranti?"

Daga saman tsani Gencai ya yi gyaran murya.

Jinrong ya ɗaga kai, ba wurin ubansa ba, wurin azara. Ya ce, "Kaka, a wannan azarar aka rataya wa Yaya Adong fitila. Ina ƙarami amma na tuna yadda yake roƙon Inna ta bar shi ya yi gudu da mu. Ba zan fara wa ɗana rayuwa da ƙarya a ɗakin nan ba. E, an zaɓe shi. Ni na zaɓe shi, kuma da za a sake, zan sake."

Mai ganga ya tsaya. Aka ji wata tsohuwa daga baya ta ce, "Af! Ashe shi ma ɗan kwalba ne."

Gencai ya ce, "Yaron ya ruɗe ne. Baffa, sake tambayarsa. Jinrong, miƙo min fitilar nan."

Na ce, "Na tambaya sau ɗaya, ya amsa sau ɗaya. Dokarka ce."

Sai Maotang ya kutso cikin mutane, yana haki. "Dattawa duk kuna nan. A janye abin nan yanzu mana! Yaya, ka ce a janye. Ni ban riƙe ka da komai ba. Ka ce kawai, a rataya biyun yau, naka a ƙugiyar tsakiya, nawa ko a bayan ƙofa ne."

Duk zauren ya ɗaga kai yana kallon mutumin da ke kan tsani. Na rantse da a ce wani ne ya kawo wannan roƙon, ko ni, ko kurman nan, da ya karɓa. Amma daga bakin Maotang ya fito, gaban jama'a, da alheri a ciki. Gencai ya kalli jaririn, ya kalli ƙanensa.

Ya ce, "Ba na karɓar sadaka a hannunka."

Jinrong ya soka turaren a kasko, ya yi sujada sau uku, ya ɗauki fitilar ya fita. Sulan ta bi shi. Atao ta tsaya kaɗan tana kallon mijinta a can sama, hannunsa har yanzu a miƙe, sannan ta gyara ɗankwalinta ta bi jikanta.

A ranar suka ƙetare kogi. Mahaifin Sulan ba shi da ɗa namiji, kuma su a zaurensu ba a tambayar kowa komai. Ya tarbe su da wasan wuta tun daga bakin gada. Aka liƙa sabuwar takarda a kan sunan Lai, aka rubuta nasu, aka rataye fitilar mai hawa biyu da Gencai ya yi da hannunsa a azarar danginsu, mutanen Zhong.

Kafin shuka dattawa suka zauna ba tare da shi ba suka soke dokar. Aka aika aka karɓo mabuɗi. Da shekara ta zagayo aka rataya wa jikan Maotang fitilarsa, yaron na tafiya da ƙafarsa yana nuna ta da yatsa. Dalin ne ya hau tsani. Ya zo zai rataya a ƙugiyar tsakiya, ubansa ya daka masa tsawa ya ce ya matsa gefe. Gencai ya aiko a tambaye ni ko yanzu za a iya dawo da ta jikansa. Na ce wa ɗan aiken ya gaya masa abin da ya fi kowa sani: sau ɗaya ake yi, a zaure ɗaya.

Ga abin da hassada ta ci masa. Jikan da ya jira, yana nan da rai da lafiya, amma sunan wani gida yake amsawa, kabarin wasu zai share. Ɗansa yana aiko masa da magani da rigar sanyi, ba ya zuwa. Matarsa tana birni, ta ce ba ta yi fushi ba, kuma ba ta ce ga ranar dawowa ba. Ƙanensa har yanzu yakan ajiye masa lemo a bakin ƙofa, shi ne ba ya iya ɗauka. Mabuɗin zaure yana wuyan wani. Ƙugiyar tana nan a tsakiyar azara, ba komai a kanta, ta yi tsatsa.